Suyar Farin Kabeji a Gidan Modibbo

"Zaitu, ƙaro min! Wallahi yau ko tuwo na yafe."

Zaituna ta yi dariya, ta tsamo wasu daga cikin mai ta juye wa mijinta Kamilu a faranti. Watansu bakwai da aure, suna zaune a kwatas ɗin ma'aikata a Dutse. Duk ranar da aikin ofis ya kai Kamilu Kano sai ya biya 'Yankaba ya sayo farin kabeji, wannan mai kai kamar dunƙulen auduga, ita kuma ta soya masa fakora, wata suyar Indiyawa mai kama da ƙosai. A Kano ta koyi suyar, wajen matar wani Ba'indiye da mahaifinta ya daɗe yana yi wa direba.

Ranar suna da baƙuwa, Yaya Talatu, yayar Kamilu, ta zo daga Jahun. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma duk duniya ba abin da take taƙama da shi kamar dambun zogalenta da yake zuwa ci kowace Juma'a. Ta zo da shi a kwano. Sai da ta share fakora faranti biyu har da lasar yatsa, sannan ta tura wa ƙanenta dambun. Gogan naka kuwa ya shafa ciki.

"Sori Yaya, ba wuri. Tunda Zaitu ta fara wannan suyar na manta da wani dambu."

Talatu ta rufe kwanonta. Amma da Kamilu ya dubi idonta da ya san ya ɗebo ruwan dafa kansa.

Shekarar ce aka ƙaddamar da Shari'a, kowa yana kaffa-kaffa da abin da za a ce ya yi. Talatu na isa Jahun ta zube gaban mahaifinsu Modibbo, mai makarantar allo, tana kuka wiwi.

"Baba, an gama da Kamilu! Abincin da Indiyawa ke yi wa gumakansu take ba shi, har da wani gari ruwan ɗorawa take barbaɗawa. Ni da na goya shi yau ko kallona ba ya yi!"

Modibbo bai tsaya bin ba'asi ba. Ya aika aka kira ɗansa, ya ce yarinyar ta bar ɗakinta, kada kuma ta sake taka ƙofar gidansa shi Modibbo, in kuma aka yi layya ba ta wanke kanta ba to a ba ta takardarta. Yadda za ta wanke kanta alhali an hana ta shiga gidan, wannan bai faɗa ba.

Zaituna ta koma gidan Gwaggo Madina, ƙanwar mahaifinta, nan cikin Dutse. Kuka kam ta sha shi har ta gode Allah, daga baya hawayen ya bushe ya bar mata baƙin ciki zalla. Kullum aka tashi daga aiki Kamilu na zaure, ya rame, ya yi zuru-zuru.

"Filis Zaitu, ki ƙara haƙuri. Ba zan saɓa wa Baba ba, amma wallahi hannuna ba zai rubuta takardar nan ba."

"Haƙuri? Matsafiya fa aka ce da ni, Kamilu! Matar da ta koya min Musulma ce, da fakorar take buɗa-baki, wa ya tambaye ni? Wallahi sai Yaya Talatu ta ɗanɗana abin da na ɗanɗana!"

Wata uku ana haka, saura sati biyu Sallah, sai ga Kamilu afujajan. Ashe Talatu ciki gare ta, bayan shekara tara tana nema. Laulayi ya kwantar da ita, har an ɗauko ta daga gidan miji zuwa gidan Modibbo. Ko ruwa ta sha sai ya dawo. Sau biyu ana yi mata ƙarin ruwa a asibiti, likita ya ce in ba ta ci abinci ba cikin ba zai zauna ba. Ita kuwa abu ɗaya take ambata, tana jin kunya tana ambata: suyar Zaituna.

"Ki soya na kai mata a kula," in ji Kamilu.

Zaituna ta yi wani murmushi wanda bai yi kama da nata ba.

"Fakora ba ta shiga kula. Ka rufe ta minti biyar ta yi gumi ta saki, kafin ka kai Jahun ta zama danƙo. A gaban mai ci ake soya ta. In ana so, a buɗe min ƙofar da aka rufe."

Gaskiya ta faɗa, amma ba don Allah ta faɗe ta ba. Kamilu na fita ta shaida wa Gwaggo Madina shirinta: za ta soya a tsakar gida, ƙamshi ya cika wa Talatu hanci, ta raba wa kowa, ita ta hana ta.

"Ke Zaituna, ki ji tsoron Allah! Mai ciki za ki hana abin da ta ji ƙamshinsa?"

"Ita ta ji tsoronsa lokacin da ta kashe min aure, Gwaggo?"

Modibbo ya yi ta jan gemu, amma ran 'yarsa da na jikansa sun fi ƙarfin fushinsa, ya ce ta zo. Ranar Asabar da hantsi taksi ta sauke su ita da Kamilu a gidan Modibbo. Zaituna ta durƙusa ta gaishe shi, ta kunna risho a tsakiyar gida, matan gidan suka kewaye ta. Modibbo ya sa aka shimfiɗa masa buzu a bakin turaka, wai zai gani da idonsa. Talatu na kwance a tabarma gindin dalbejiya, ta zama ƙashi da rai.

Da ƙarfi Zaituna ta yi bisimilla. Ta ɓare farin kabejin ƙanana-ƙanana, ta zuba a tafasasshen ruwan gishiri don tsutsa ta fito, ta tsame ta baza a faifai ya tsane. Sannan ta riƙa ɗaga kowane ƙunshi sama tana kiran sunansa kamar mai ba da shaida a kotu.

"Garin wake. Garin shinkafa, shi ke sa ƙaras-ƙaras. Citta. Tafarnuwa. Barkono. Wannan kuma," ta juya wajen Talatu, "shi ne garin tsafin. Kurkur ne, a kasuwar Jahun ma ana auna shi."

Ta dama da ruwan randa mai sanyi, kauri-kauri, ta tsoma kabejin ta jefa a man gyaɗa. Ya yi cuuu! Ta tsame, ta bari man ya ƙara zafi ta mayar, har ya yi ja. Ƙamshi ya tashi har zaure. Ta juye a kan takarda mai ya tsane, ta fara rabo. Na Modibbo ta fara kaiwa, sai matansa biyu, sai Kamilu, sai maƙwabciya da ƙamshi ya jawo. Tsakar gida ba ka jin komai sai ƙaras-ƙaras. Talatu ta ɗago da ƙyar ta miƙo hannu.

"Haba Yaya," in ji Zaituna, murya lumui, "ai abincin gumaka ne. Ni na isa in jefa ki a halaka, ga ki da juna biyu?"

Ta kashe risho. Wata uku tana tanadin wannan magana, ta kuwa ji daɗinta har cikin ranta. Ta juya tana tattara kwanuka, tana jiran Talatu ta yi zagi ko ta yi roƙo, ko wanne ta zo da shi akwai amsarsa. Sai ta ji motsin takarda a bayanta.

Talatu ce ta rarrafo a gwiwa, babbar mace, gaban mahaifinta da ƙanenta. Ta jawo takardar da aka tsane mai, tana dangwalar burbushin da yatsa tana kaiwa baki, ɗaya hannun dafe da cikinta, hawaye na zuba.

Daɗin nan ya gudu, kunya ta lulluɓe Zaituna. Ta tuna ɗan da ke cikin nan bai yi mata ƙazafi ba, bai ma san an yi ba.

"Wayyo Allah, Yaya, bari! Don Allah bari!"

Ta fizge takardar, ta kunna risho, ta soya ragowar. Ta jingina Talatu a ƙirjinta tana hurawa tana ba ta a baki. Ɗaya, biyu, har bakwai. Aka yi jugum ana jiran amai, amai bai zo ba.

"Baba, ƙarya na yi mata," in ji Talatu cikin shessheƙa. "Kishin dambuna ne. Zaituna ki yafe ni."

"Ni ma ki yafe ni, Yaya. Abin da na yi miki yanzu ya fi naki muni."

Modibbo ya ajiye farantinsa.

"Laifin nawa ne. Ina karantar da mutane kada a yanke hukunci sai an ji ɓangare biyu, na zo kan surukata na manta. Kamilu, ɗauki matarka ku koma ɗakinku."

Zaituna ta share ido ta gyara wa Talatu zama.

"Baba, a bar ni nan tukuna. Fakora ba ta jure tafiya, kuma gobe ma Yaya za ta ci."

Kwana goma sha ɗaya ta yi a Jahun tana suya safe da yamma, Kamilu na jigilar kabeji daga Kano, sai jajiberin Sallah ta koma gidanta. Da damina Talatu ta sauka lafiya, mace, ta ce sunan Zaituna za a sa.

Wanda aka zalunta yakan zaci ramuwa ce za ta sanyaya masa rai. Zaituna ta rama, daɗin bai kai minti ɗaya ba. Aurenta da mutuncinta kuwa sai da ta sake kunna risho don wadda ta cuce ta sannan suka dawo mata.