Takalmin Malam Enoch a Ƙofar Masallaci

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Wanda Ya san adadin takun kowane bawa, tun daga tatata har bakin kabari. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Ya Ubangiji, Ka tsare ƙafafunmu daga inda Ka hana.

Bayan haka, ranar kasuwar Bakori ce, bayan la'asar, a lokacin da masara ta fi mutum tsayi. Wata ƙaramar bas ta ɗebo 'yan kasuwa za ta Malumfashi. A kujerar baya akwai Sada, mutumin Maska. Shi ba fasinja ba ne, idon 'yan fashi ne. Aikinsa ya shiga mota kamar kowa, in an kusa kwalbatin da abokansa ke laɓe, ya yi wa ogansu Mahadi filashin.

Amma ran nan idonsa bai bar ƙafar maƙwabcinsa ba. Malam Enoch ne, malamin motsa jiki a wata sakandare, sanye da takalmin gudu shuɗi mai ratsin fari. Sada kuwa, a zamanin makaranta babu mai kamo shi a tsere, kuma duk kofin da ya ci, da ƙafa tsirara ya ci shi. Irin wannan takalmi sai dai a mafarki.

Direba, Alhaji Abdussamad, ya leƙo ta madubi. "Malam Enoch, wannan kambas naka ai ya fi tayoyin motata daraja!"

Enoch ya yi dariya. "Ƙanwata Phoebe ce ta aiko min daga waje, Alhaji. Har na'ura gare shi a ciki."

"Na'ura a takalmi?" in ji Hajiya Sabuwa mai sayar da daddawa. "To, saura hula!"

"Hajiya, ai abin ya daɗe. Kimanin shekara arba'in da suka wuce aka fara maƙala wa takalmi ɗan akwati a dunduniya, yana ƙirga taku. In ka dawo gida sai ka jona shi da kwamfuta da igiyar waya, kamar mai ɗaure akuya. Can daga baya aka mayar da shi ɗan mitsitsi kamar kwabo, a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, yana magana da abin jin waƙa. Sai ya koma magana da wayar hannu, ya gaya maka saurinka da yadda kake sauke ƙafa. To, shi wannan nawa kuma, abin da ya fi su da shi—"

Kwalbati ya bayyana. Sada ya danna wayarsa.

Gungume a tsakiyar titi! Birki — ƙiiii! Mutum uku suka fito daga cikin masara, fuska a rufe.

"Kowa ya sauko! Fuska a ƙasa! Wanda ya ɗaga kai ya sheƙa barzahu!"

Alhaji Abdussamad ya sa giyar baya. Mahadi, ɗaya daga cikin ukun, ya saita bindiga. Tau! Tau! Direba ya kife a kan sitiyari, kalmar shahada a bakinsa. Enoch ya zabura zai tallafi direban — harsashi na uku ya farfasa masa gwiwa.

"Sharp sharp, yara! A kwashe!"

Cikin wannan hargitsi Sada ya durƙusa, ya zare takalmin daga ƙafar mutumin da ke nishi cikin jini, ya cusa a jakarsa. Ban da mai takalmin, babu wanda ya gani, sai Wanda ba Ya gyangyaɗi.

A wani tsohon rumbun ajiyar hatsi da ke bayan gonakin Maska suka yada zango. Mahadi ya tara wayoyin fasinjoji ya bi su da dutse ɗaya bayan ɗaya.

"Dokata ɗaya ce," in ji shi. "Wayar sata munafuka ce, tana kai rahoto. Kuma babu ɗan iskan da zai sa kayan mutane a jikinsa. Agogo, zobe, hula, duk a rijiya. Sada, jakar nan fa?"

"Tsummokaraina ne, Oga."

"Ka tabbata, ɗan tsere?"

"Wallahi."

Haka ya ɗora rantsuwar ƙarya a kan jini.

A gadon asibiti a Malumfashi, Enoch ya ƙarasa wa Sufeto Muhammad Sani maganar da aka katse masa a mota. Ya sa matarsa Susana ta miƙo wayarta.

"Yallaɓai, ni ina gudu cikin daji da asuba, shi ya sa Phoebe ta zaɓi wannan. Yana nuna inda mutum yake a taswira, kuma na haɗa shi da wayar Susana don hankalinta ya kwanta. Sai dai barci yake yi. Ba ya farkawa sai an taka shi."

Sufeto ya dubi taswirar, babu komai. "In ya sayar fa? In ya jefar?"

"Wanda ya tsaya kwance igiyar takalmi ana harbi, ba zai jefar ba."

Kwana uku Sada yana fito da takalmin daga ƙarƙashin gado, ya shafa, ya mayar. Ran Juma'a ya yi wanka, ya sa farar riga. Ya ce a ransa, Oga yana rumbu, wa zai gani? Ya zura ƙafa. Kamar don shi aka yi. Ya taka zuwa masallaci yana jin kamar ƙasa ce ke ɗaga shi.

A daidai lokacin Susana ta yi ƙara. "Yallaɓai! Ɗigon ya fito!"

Sada bai taɓa fashin Juma'a ba, domin mai zuwa masallaci ba a cika zarginsa ba. Ya tuɓe takalmin a ƙofa kamar kowane Musulmi, ya jera shi cikin ɗaruruwan silifa da fade, ya shiga sahu. Liman ya yi huɗuba a kan ranar da za a rufe bakuna, hannaye su yi magana, ƙafafu su ba da shaida. Sada ya ji ayar, amma zuciyarsa tana waje, kada wani ya sace masa abin da ya sato.

Da aka sallame ya fito. Sai ya hangi wasu mutum biyu cikin kaftani a gindin dalbejiya, ba su kallon kowa sai takalmi ɗaya. Nan take ya gane 'yan sanda ne.

A nan Allah Ya buɗe masa ƙofa. Sau nawa mutum ke fitowa masallaci ya tarar an ɗauke masa takalmi, ya tafi gida haka? Da ya wuce da ƙafa tsirara, yadda ya saba tun yana yaro, babu mai ce masa kanzil. Ya yi taku uku. Ya tsaya. Ya waiwayo.

Ya sunkuya, ya zura, ya zabura!

"Kai! Tsaya nan!"

Ya tsallake tabarmin masu goro. Ya keta layin babura. Ya faɗa cikin masara — ganye na yankar fuskarsa, bai ji ba. Bai taɓa gudu irin wannan ba. Ƙafa ba ƙaya, ba tsakuwa! Har dariya ta kuɓuce masa. Wa zai kamo Sada?

Ɗaya daga cikin masu kaftanin, kurtun ɗan sanda, ya ɗaga bindiga. Sufeto ya danne hannunsa, idonsa a kan waya. "Bar shi. Jagora yake mana. Kira mota."

Sada ya faɗa rumbu yana haki. "Oga! 'Yan sanda a gari! Amma na ɓatar da su, wallahi ko ƙurata ba su gani ba!"

Mahadi bai dubi fuskarsa ba. Ƙafarsa ya duba.

"Wannan fa? Tsummokaran ne?"

"Oga, takalmi ne kawai. Ba waya ba ce—"

Jiniya ta tashi daga gabas. Wata ta amsa daga yamma.

"Ka sayar da mu a kan kambas, ɗan tsere."

Tau!

Abin da ya biyo baya bai kai minti goma ba. Mahadi ya mutu a bakin rijiyar da yake zuba kayan mutane. Sauran biyun suka fito hannu a sama. Sada kuwa an same shi a jingine da bango, ido a buɗe, igiyar takalmi ɗaya ko ɗaurewa bai samu yi ba.

Alhaji Abdussamad ya bar marayu shida. Mahaifiyar Sada, wadda ta ɗauka ɗanta dillalin hatsi ne, ba ta ƙara fita ko ƙofar gida ba. Likita ya gaya wa Enoch zai yi tafiya da sanda, amma shi da gudu har abada.

Da Sufeto ya mayar wa Susana wayarta, Enoch ya daɗe yana duban lissafin gudun ƙarshe: kilomita biyar, cikin lokacin da shi kansa bai taɓa kusanta ba.

"Yallaɓai," ya ce a hankali, "shekara ashirin ina neman mai ƙafa irin wannan in horar. Ashe kafaɗa da kafaɗa muka zauna."

Allah Ya jiƙan Alhaji Abdussamad, Ya yalwata kabarinsa, Ya raya abin da ya bari. Waɗanda suka mutu da haƙƙin mutane a wuyansu, al'amarinsu yana hannun Mai adalci. Kai kuma mai karatu, Allah Ya kai ka gida lafiya a duk hanyar da ka hau, Ya sa ranar da ƙafafunka za su yi magana, alheri za su faɗa. Amin.