Mai Taurari a Ido

Da ruwan madatsar Bakolori ya fara cin gonaki, an kwashe mutanen ƙauyen su Taiba zuwa sabon mazauni kusa da Maradun. A garin gaggawa Taiba ta manta wani littafin aro a ɗakin kakarta.

Littafin na Beatrice ne, ɗiyar Barnabas akawu, ƙawarta ta makaranta a Talata Mafara. Matar wani makanike ɗan Japan ce ta bar mata littattafan guda bakwai da za su koma gida. Labarin soyayya ne cikin zane, na wata yarinya mai manyan idanu da taurari a ciki, da saurayin da kullum jirgin ƙasa ke tafiya da shi yana barin ta. Ba mai iya karanta rubutun. Taiba ce ke tara 'yan matan ƙauye a gindin tsamiyar bayan gidansu duk hutu, tana nuna hoto, tana ƙirƙiro abin da suke cewa, kowa da muryarsa. Ta ba su labarin littafi shida. Na bakwai ne aka bari.

Kaka ta hana ta komawa, ta ce wuri in ya zama kufai yana da masu shi. Taiba ta ce ta yi alkawarin mayarwa. Bayan la'asar ta fita da sunan neman itace.

Rana ta yi ja lokacin da ta isa. Ruwa ya kai idon sawu a lungunan ƙauyen. Ba kaza, ba hayaƙi. Sai warin laka da ruɓaɓɓen kara, sai ƙarar katanga na gutsurewa tana faɗawa ruwa.

Ta laluba ƙarƙashin azara inda ta soke littafin. Babu.

Sai ta ji ana buɗa takarda a bayan gida. Shafi ɗaya. Shiru. Wani shafin.

Wata ce zaune kan saiwar tsamiya, littafin a hannunta, ta ba ta baya, da irin rigar makarantar da ke cikin zanen. Ƙanshin furanni ya danne warin laka. Taiba ta yi sallama, ba a amsa ba.

"Kin tsaya ga na shida," aka ce a hankali. "Muna jira."

Muryar Taiba ce. Siririyar muryar da take yi wa yarinyar littafin.

Yarinyar ta juyo. Idanun sun cinye rabin fuskar, taurari na yawo a cikinsu. Hancin ɗigo ne. Bakin ɗan layi ne, kuma ba ya motsi in tana magana.

Ta ce su ne mazauna saman tsamiyar, sun saurari littafi shida ba wanda ya sani. Yanzu kowa ya tashi ya bar su.

"Zamna ki ƙarasa muna. In kin gama, ki sake daga farko."

Rassa suka fara motsi, ba iska.

Ruwa ya kai ƙwauri.

Ƙafafun Taiba suka yi nauyi, har ta fara duƙawa za ta zauna. Nan idonta ya kai wurin da maƙabarta take, ta ga ruwa shimfiɗe kawai. Zuciyarta ta tafasa.

"Ruwa ya ci gonarmu, ya ci kabarin innata," ta ce. "Ba ni ƙara barin komi nan. Ba ni littafin ga, na aro ne."

Ta soma Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ta kai hannu ta fizga.

Yatsu suka kama wuyan hannunta, masu sanyi da laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ta ja. Aka ja. Bangon littafin ya yage, ta faɗi, ta tashi da gudu.

Ƙafafu da yawa na fantsama ruwa a bayanta.

Ana kiran sunanta da muryar yarinyar. Da ta saurayin. Da ta uwarsa. Duk muryoyinta ne.

Ba ta waiga ba.

Tana hawa tudun hanya ta jiyo kiran sallar magariba daga sabon mazauni, ƙarar ruwan ta ɗauke.

Kwana uku ta yi tana zazzaɓi. Shatin yatsu biyar ya zauna a wuyan hannunta, baƙi kamar tawada, sabulu bai fitar da shi ba. Kaka ta ce a ƙone littafin. Taiba ta ƙi. Ta shanya shi, ta ɗinke bangon da zare, da aka koma makaranta ta miƙa wa Beatrice.

Beatrice ta buɗe. Babu yarinyar a ko shafi ɗaya. Saurayin ne kaɗai a tashar jirgi, yana miƙa hannu ga farar takarda. Ta tambayi Taiba yanzu yaya labarin zai ƙare.

Taiba ta karɓi littafin, ta kira sauran 'yan ɗakinsu su matso.

"Ta gaji da jiransa," ta ce. "Ta yi tafiyarta. Ku zauna ku ji inda ta je."