Waƙar Inna a Tsakiyar Kasuwa

Ranar kasuwar Tsanyawa Hafiza ta fara jin ta. Tana tsaye gaban mai manja da kwalba a hannu, sai sifikar wani shagon cajin waya ta saki kiɗa mai zafi, samari suka hau rausaya. Da farko ba ta kula ba. Sai da amshin ya zo, wata mawaƙiya ta ja sunan Khamisu cikin rangwaɗa, namiji ya amsa mata, sannan ta gane waƙar.

Waƙar Innarta ce. Muryar namijin kuwa ta Najib ce, saurayin da ake shirin sa musu rana bayan kaka.

Khamisu yayanta ne, ɗan farin gidansu. Tun kafin a haifi Hafiza ya faɗa kududdufin bayan gari yana ƙarami, aka ɗauko gawa. Inna Maijidda ba ta taɓa zancensa da kowa ba. Sai dai in ta durƙusa kan dutsen niƙa, takan rera masa waƙa a hankali, tana kiransa ya dawo tuwo ya yi sanyi. Har ta rasu ba a taɓa jin waƙar nan a wajen katangar gidansu ba.

A Kano Hafiza ta haɗu da Najib, lokacin tana karatun koyarwa, tana zaune wurin gwaggonta a Kurna. Gaban wani mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi suka kai hannu kan littafi ɗaya. Ya bar mata, da sharaɗin in ta gama za ta ba shi labarin ƙarshensa. Daga nan ya koya mata birni: inda ake hawa adaidaita sahu, inda fura ta fi daɗi, da ɗan sutudiyonsa da yake haɗa waƙoƙin biki. Shi ne mutum na farko da ya saurare ta kamar duk abin da ta faɗa yana da nauyi.

Wata rana ana ruwa, kewar Inna ta taso mata, ta ba shi labarin Khamisu, ta rera masa waƙar tana kuka. Ya ɗauka a waya, ya ce don ya riƙa jin muryarta in ta tafi gida hutu.

Ranar nan a kasuwa ko manjan ba ta saya ba. Ta kira Najib a waya, ta ce in yana da sauran kunya gobe ya zo ƙauyensu.

Da hantsi ya iso, ya ajiye mota gindin darbejiyar ƙofar gida, ya fito da murmushinsa da ledar tsaraba. Wai so ya yi ya ba ta mamaki da waƙar. Ya shiga lissafa mata garuruwan da waƙar ta kai, har masu biki sun fara nemansa saboda ita.

"Ka tambaye ni?" ta ce.

"Hafizata, saurara mana…"

"Na ce ka tambaye ni?"

"Da na tambaya ai ba za ki yarda ba. Waƙa mai daɗi irin wannan a bar ta ta mutu a ɗakin niƙa? Raya ta na yi, masoyiyata."

"Ka mai da ɗan da uwata ta binne saurayi, 'yan mata suna karairaya da sunansa, sannan ka ce min rayawa?"

Ya ce abin bai kai haka ba, kowane mawaƙi daga bakin mutane yake ɗauko waƙa. In ma ranta ne ya ɓaci, sai ya sa sunan Inna a jiki, duniya ta san ita ta ƙirƙira. Nan Hafiza ta ji kamar ta ɗauke shi da mari. Wato bayan sunan ɗan, har na uwar yake so ya kai kasuwa.

Suna cikin haka mahaifinta Malam Abdulƙadir ya dawo daga gonar gero, fartanya a kafaɗa. Najib ya zube ya gaishe shi. Tsohon ya amsa, ya jingine fartanyar da bango. Ashe shi ma ya ji. Kwana biyu ke nan yara suna bin hanyar gona suna rera ta, shi yana duƙe tsakanin kunyoyin gero yana sauraro, bai gaya wa kowa ba.

Bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Yaro, da ka yi waƙar nan, ka san wane ne Khamisu?"

Duk da fushin da Hafiza take ciki, wani ɓangare na zuciyarta roƙo yake Najib ya ce bai fahimta ba, ko ya manta, ko wani ne ya sace a wayarsa.

Najib ya sunkuyar da kai. "Na sani, Baba. Ta gaya min."

"To, madalla da ka faɗi gaskiya."

Malam ya ce shi dai ya yafe, don Allah yana son masu yafiya. Maganar aure kuwa, Hafiza ce za ta zauna da shi, ita ce da ta cewa. Ya shige gida yana jan ƙafa kamar wanda ya tsufa a yini ɗaya.

Najib ya juyo da idanu jajur. Ya rantse yau zai sauke waƙar daga ko'ina, zai ba kowa haƙuri, ba zai iya rayuwa babu ita ba.

"Za ka shiga wayar kowane yaro a Tsanyawa ka goge?" ta ce, hawaye na zubo mata. "Na so ka, Najib, har yanzu ma… Amma abin da ya fi komai tsada a wurina na ba ka ajiya, ka san mene ne, ka sayar. In na aure ka, kullum zan riƙa auna maganata kafin in faɗa a ɗakina. Ɗauki tsarabarka."

Ya daɗe tsaye yana kiran sunanta. Ba ta juyo ba har ta ji tashin motarsa.

Bayan La'asar ta tarar da Malam zaune a tsakar gida kan tabarma, carbi a hannu amma ba ya ja. Ta ajiye masa ruwa za ta wuce, ya ce ta zauna.

"Tun shekaranjiya nake neman yadda uwarki take yin ta," ya ce. "Da na kamo sai kiɗan yaran nan ya shigo ya rufe. Ina tsoron kar tata ta ɓace min. Yi min ita yadda take yi."

Hafiza ta goge fuska da gefen mayafi. Ta fara a hankali, muryarta na karyewa. Da ta zo wurin da Inna take kiran yaron ya dawo, sai ta ji wata murya mai kauri tana bin ta ƙasa-ƙasa. Ba ta taɓa sanin Baba ya haddace ta ba.