Awakin Gadar Karmo

A shekarar da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja, aka kira Sufeto Kure da hantsi: ƙarfen sabuwar gadar ƙafa ta Karmo ya tsage, saura kwana uku a buɗe ta.

Ya tarar har an ɗaure Yamusa mai walda, yana ta rantse-rantse. In laifin ya zauna a kansa, gidan yari ne, ga 'ya'ya biyar a gida. Sufeto ya ji tausayinsa ƙwarai.

"Oga, waldarsa ce ba kyau," in ji Thaddeus mai kula da sito. "Ƙarfen nan daga jirgin ruwa sai mota, ko kwana bai yi a Legas ba."

"To wannan tsatsar fa?" in ji Sufeto.

Injiniya Rosemary, mai duba aikin, ta ce, "Irinsa ba a yi masa fenti. Tsatsar ce rigarsa, tana kama jikinsa ta kare shi. Iskar teku ce ke kashe shi: gishirinta kan hana tsatsar kamawa, sai ta yi ta cin ƙarfen."

Sufeto ya gangara ƙarƙashin gada. Ƙarafa shida ne. Huɗu sumul, biyu kuwa da ya sa farce sai tsatsa ta ɓamɓaro kamar ƙanzon tukunya.

Can sai ga awakin unguwa. Suka wuce huɗun nan ko kallo, suka dafe biyun suna lasa ba ji ba gani.

Kai! Sufeto, da ya yi kiwo tun yana ɗan mitsitsi, ya san abin da akuya ke lasa haka. Ya dangwali ƙarfen ya kai baki. Gishiri! Ya hauro da gudu har hularsa na faɗuwa.

"Thaddeus, ina teku a Abuja?"

"Babu, oga."

Ya miƙa masa ɓallin tsatsar. "To daga ina gishiri ya zo? Lashi wannan."

Thaddeus ya ja da baya. "Ba zai yiwu ba! Sau uku na sa aka wanke su!"



"Wa ke wanke sabon ƙarfe?" in ji Sufeto.

Nan Thaddeus ya zayyano komai. Sababbi biyu ya karkatar zuwa unguwar Idu ya sayar, ya maye gurbinsu da waɗanda suka shekara biyar a yashe a bakin teku. Shi a ganinsa tsatsa tsatsa ce, wa zai bambance?

Aka cire ankwa daga hannun Yamusa aka maƙala a na Thaddeus, aka tasa ƙeyarsa zuwa mota.

Yamusa ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, wa ya yi mini shaida? In je in gode masa."

Sufeto ya nuna ƙarƙashin gada yana dariya. "Ga su can. Sai ka sayo musu dusa."