Gorar da Ta Ƙi Fashewa

A tashar Birnin Kudu Iliyasu ya fara ganinta, yana loda akwatunan lemo a a-kori-kurarsa zai nufi Gwaram. Ta shiga motarsa da kwalaben lemo shida cike da man gyaɗa, kowace an toshe bakinta da totuwa. Batulu sunanta.

Garin kallonta a madubi, wajen Zandam ya afka rami. Kwalba biyu suka fashe, mai ya malale.

"Direba, hanya kake kallo ko me?" ta ce.

"Laifina ne. Amma wallahi sai na samo miki kwalbar da ba ta fashewa."

"A wace duniyar?" Ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Tun daga nan, duk ranar kasuwar Gwaram sai ya tsaya gaban tirenta. Yana kiranta Tulu, tana kiransa Mai Rami. Sai dai mahaifinta, Malam Sabo, hankalinsa ya fi kwanciya da Maikano mai kanti, wanda shi ma yake nemanta.

"Wanda bai kai kwalba lafiya ba, shi zai riƙe min 'ya?" in ji shi. Ya ce wa Batulu ta yi tunani, ranar kasuwa mai zuwa zai ba ɗayansu amsa.

Ana haka wani abokin Iliyasu ya dawo daga Ikko da abin mamaki: gorar lemo ta roba, garau kamar gilashi, ba nauyi ko kaɗan. Gindinta a dunƙule yake kamar ƙwai, sai aka manna mata baƙin kofi don ta iya tsayuwa. Iliyasu ya yar da ita ƙasa sau uku, tana tsalle. Har rawa ya taka a tasha. Ya aika mata da ita haɗe da wasiƙa:

"Tuluna, ga alkawari na cika. In kin yarda da ni, ki zuba manki a ciki, ki kafa ta a gaban tire ranar kasuwa. In na hango ta, na san amsata. Naki, Mai Rami."

Batulu ta karanta har sau biyar. Don ɗoki ba ta jira mai ya huce ba. Yadda ta saba yi wa kwalba, haka ta ɗura shi da zafinsa daga kasko. Nan take gorar ta yamutse, wuyanta ya karkace, baƙin kofin ya ɓalle ya gangara ƙarƙashin rumbu. Kunya ta kama ta. Ta rufe murfin, ta tura ta ƙasan kwando.

Ranar kasuwa Iliyasu ya iso da sabuwar hula. Ya duba tire, kwalabe ne kawai. Ya juya a hankali ya nufi mota. Ga Maikano can yana gaisawa da Malam Sabo.

Da ta ji ya tada inji, Batulu ta zaro gorar ta bi shi da sauri.

"Mai Rami, tsaya! Na zuba, wallahi na zuba. Ni na lalata ta."

Ya kalli abin, ya kalle ta, dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

"Tulu, da zafinsa kika zuba?"

"To wa ya gaya min ba ta son zafi?"

Malam Sabo ya ƙaraso ya karɓi gorar, ya jujjuya ta. Ya ɗaga ya sake ta a kan dutse. Ta yi tsalle ta mirgina, ko ɗigo bai zuba ba. Ya dubi 'yarsa, wadda ta bar tirenta a buɗe ta biyo mota a gaban jama'a.

"Na ga amsa," ya ce. "Yaro, turo manyanka. Amma ka riƙa kallon hanya."

Bayan kaka aka ɗaura aure, a-kori-kurar ce ta kai kayan amarya Birnin Kudu, a hankali, ba abin da ya fashe. Tsofaffi suka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Daga baya an yi gorori masu ƙafa biyar a gindi, masu tsayuwa da kansu. Amma a jeren Batulu, can sama da kwanonin tasa, yamutsatstsiyar ce a jingine da bango, kuma ba mai taɓa ta sai su biyu.