Gonar Kwakwar da Dutse Ya Haɗiye

Da la'asar sakaliya Masina ta bi yayanta Ioelu neman turken iyaka. Mijinta bai daɗe da rasuwa ba maƙwabta suka taso da rigimar fili, suka ce sai ta nuna inda gonarsa ta tsaya. Ita dai ko a jikinta. Tun ranar jana'iza ba abin da ke taɓa ta.

Ioelu ne ke riƙe da taswirar gonar. Ta zamanin Jamusawa ce, tun kafin dutsen tsibirinsu, Savai'i, ya yi aman wuta. Ga layukan tudu da gangare, ga jerin itatuwan kwakwa har bakin teku, ga ɗakunan leburori. Yanzu kuwa babu komai sai baƙin dutse malale, kamar ƙanzon tukunya.

Ya tsaya yana jujjuya takardar, yana mitar cewa Baturen da ya zana ta a buge yake. Masina ta wuce gaba.

Sai ta ji ƙauri. Hayaƙin busar da kwakwa ne, mai maiƙo.

Sai sara. Ƙwas. Ƙwas. Daga ƙarƙashin ƙafarta.

Leburori suka ɓullo daga gangare a jere, kowa da buhu a kafaɗa. Dutsen ya kai musu gwiwa, suna ratsa shi kamar ruwa. Ba mai haki. Na ƙarshensu, wani tsoho mai toka a gira, ya tsaya a gabanta.

"Ƙanwata, kin makara," ya ce ƙasa-ƙasa. "Karɓi naki."

Ta karɓa. Buhun da ɗumi. Ba ta ji tsoro ba. Ta shiga layi.

Dutsen ya rufe idon sawunta.

Ya kai ƙwauri.

Ioelu ne ya damƙi gashinta ya fizgo, suka zube tare a kan kaifin dutse. Takalmanta suna can ciki har yau.

Shi bai ga kowa ba. Ya ce kawai gani ya yi tana raguwa a tsaye.

Suka bar wa maƙwabta filin. Ƙafafun Masina kuwa ba su sake ɗumi ba, ta sha taka garwashi ba ta sani ba. Kullum rana ta yi ja sai ta miƙe, ta karkata kafaɗa, ta nufi ƙofa. 'Ya'yanta sun saba. Babbar takan maido ta, ta zaunar da ita, ta haye cinyarta ta ƙanƙame ta, har duhu ya gama shiga.