Faifan Tafsirin Malam

Ranar da Nafi'u ya fara taka zauren gidan marigayi Malam Zulkiflu a unguwar Kwarbai, kallon sama da ƙasa ya samu kafin maraba. Mai kallon kuwa Umaima ce, autar gidan, tana tsaye a ƙofar ɗakin karatu da hijabi ruwan toka, ta damƙe makulli kamar za a ƙwace mata.

"Kai ne mai gyaran?"

"Ni ne. Nafi'u, daga Ƙofar Kibo."

"Na zaci babban mutum ne."

"Ni ma na zaci babban abu ne ya lalace," ya ce yana leƙen ƙarƙashin tebur, "ashe ɗan akwati ne."

Dariya ta zo mata, ta haɗiye abarta. Ba ta ga wurin wasa ba, domin wannan ɗan akwati shi ne duk abin da ya rage mata na muryar mahaifinta.

Shekara shida Malam ya yi yana ɗaukar hoton littattafan kakanninsa na rubutun hannu, shafi bayan shafi, kafin gara ta ƙarasa su. Ga kuma tafsirinsa na azumi goma sha ɗaya da aka naɗa. Yayan Umaima, Umair, shi ya haɗa masa kwamfutar ajiya kafin ya tafi karatu ƙasar waje, aka zuba komai a ciki. Masana na ce mata saba, mutanen gida na ce mata akwatin Malam. Wata biyu da rasuwa, wuta ta dawo da ƙarfi da rana tsaka, ɗakin ya ɗauki ƙauri. Tun daga nan akwatin yana kunnuwa, amma rumbun ajiyar ya ƙi buɗuwa.

Nafi'u na kwance murfi aka kira Umaima daga cikin gida. Mahaifiyarta ce, Hajiya Batulu, wadda take takaba ba ta fitowa. Minti goma kacal Umaima ta yi. Da ta dawo ta tarar da shi ya yi tagumi.

"Malama, ina faifai na huɗu?"

"Wane na huɗu?"

Ya nuna mata gurbi huɗu. Uku da faifai a ciki, kowanne da 'yar takarda manne, an rubuta da ajami da hannun Malam: Fiƙihu, Nahawu, Wasiƙu. Gurbi na huɗu wayam.

"Na Nahawu ya ƙone," ya ce. "Da shi kaɗai ne, da yau kin ji muryar Malam, don an gina rumbun ya jure rashin faifai ɗaya. Biyu ne ba ya jurewa."

"To ka buɗe mana biyun da suka rage."

"Ba haka yake ba. Allah ya jiƙan Malam, ya ɗauka kowane faifai littafi ne mai zaman kansa. Na'urar kuwa dama komai take yi wuri guda, kamar fura da nono, sannan ta raba a ƙwarya huɗu. Babu shafin da yake cikakke a faifai ɗaya."

Umaima ta dubi gurbin, ta dubi baƙar jakarsa, ta tuna mintinta goma. Shi ma ya ga inda idonta ya sauka. Sai ya zuge jakar ya bar ta a buɗe.

Ya ce ba zai fita da ko waya ɗaya daga gidan ba. Ka'idarsa ita ce ba a taɓa faifai mai ciwo sai an kwafe shi tukuna, kuma a gabanta zai kwafa. Aikin ya ci kwana huɗu, daga hantsi zuwa la'asar. Tana zaune a bakin ƙofa wai ita mai gadi, yana ciki yana kallon lambobi suna rarrafe.

Gadi dai gadi ne, amma baki ba ya zama haka nan. Rana ta biyu ta ji cewa mahaifinsa baduku ne mai ɗinka gafakar Alƙur'ani. Rana ta uku ya ji cewa ita ce take riƙe wa Malam shafi yana ɗaukar hoto. Rana ta huɗu ta kawo masa kunun aya ba tare da ya roƙa ba.

"Ɓarawo ake ba kunun aya a Kwarbai?" ya tambaya.

"Wanda ake zargi dai, Injiniya. Ba a yanke hukunci ba tukuna."

"To Allah ya sa shari'ar ta daɗe, Alƙaliya."

Ta juya da sauri don kada ya ga fuskarta. Gaskiyar magana, ya riga ya shige mata rai, kuma ta ji haushin kanta, don har yanzu ba ta daina kallon jakarsa ba.

Wanda bai ji daɗin kunun ayar nan ba shi ne Mustapha, ɗan baffanta, ma'aikacin ofis da ke zaune a Gyallesu. Ya daɗe yana zagayen Umaima da nufin aure, ita kuma tana kiransa Yaya da ƙarfi don ya gane. Ya shiga wurin Hajiya ya zauna.

"Hajiya, ni da idona na ga faifai huɗu ranar da Umair ya haɗa. Baƙo ya shigo, sun koma uku. Biri fa ya yi kama da mutum. Irin littattafan nan har ƙasashen waje nemansu ake."

Hajiya tana ta jan carbi. Can ta ce, "Yaya abin yake, shi faifan?"

Ya kwatanta mata da tafin hannu. Carbin ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da sauri. Mustapha bai lura ba.

Da Nafi'u ya aiko a nemi izini ya riƙa zuwa zance, amsar Hajiya ba ta yi nisa ba. Ta ce gidan malamai ne, kuma ba a ba mutum 'ya alhali sunansa na yawo a bakin mutane. Ta ce ma a sallame shi, a bar akwatin haka, abin da Allah ya ɗauka ya ɗauka. Umaima ta yi mamaki, don ba wanda ya kai Hajiya ƙishin jin muryar Malam.

Maganar ta fita unguwa. A Ƙofar Kibo mutum biyu suka zo wurin Nafi'u suka karɓe kwamfutocinsu ba a gama gyara ba. Da yammacin Laraba saƙon Umaima ya shigo.

"Injiniya, zan tambaye ka sau ɗaya, ba zan sake ba. Don girman Allah, kai ka ɗauka?"

Ya rubuto mata amsa.

"Alƙaliya, tambayar ta yi mini ciwo, amma gara da kika yi ta. Wallahi ban ɗauka ba. Kuma akwai abin da na ɓoye miki. Na'urar tana rubuta duk abin da ya same ta, da rana da lokaci. An zare faifan ranar Juma'a, ƙarfe huɗu da rabi, kwana bakwai da rasuwar Malam. Lokacin ko hanyar gidanku ban sani ba."

"Ranar sadakar bakwai ke nan. Me ya sa ka yi shiru ana ɓata maka suna?"

"Don makullin ɗakin a hannunki yake."

Umaima ta ajiye wayar. Ashe duk kwanakin da take gadinsa, shi ma gadinta yake yi. Ta yi fushi, ta yi kuka, sannan ta rubuta, "Ba ni ba ce. Ranar a buɗe ɗakin ya wuni, gida cike da mutane." Ya amsa, "Na yarda da ke. Ki yafe mini." Ita ba ta ce ta yafe ba, amma ba ta ce ba ta yafe ba.

Yanzu zargin su biyun ya koma kan Mustapha. Nafi'u har ya fara shirya abin da zai faɗa masa a gaban manya. Washegari da safe yana zaune a rumfar mahaifinsa, sai iska ta kaɗo wata 'yar takarda ta faɗi kusa da takalma. Tsohon ya ajiye basilla, ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauka ya ga ayar Alƙur'ani ce a jiki. Ya kaɗe ta, ya miƙa hannu ya soke ta a can saman rufi, ya koma ɗinkinsa.

Nafi'u ya miƙe tsaye. Fiƙihu, Nahawu, Wasiƙu. Me Malam zai rubuta a kan na huɗu in ba Tafsiri ba? Kuma ina akwatin yake? A ƙasa, ƙarƙashin tebur, daidai inda ƙafafun 'yan ta'aziyya suke.

Bai aika saƙo ba. Ya sa babbar riga ya tafi Kwarbai, ya ce ya zo gaida Hajiya. Umaima ta kai shi bakin ƙofa, ya durƙusa a bayan labule.

"Hajiya, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya." Muryar a bushe.

"Na zo ne in faɗi magana ɗaya in tafi. Faifan nan ba sace shi aka yi ba. Wanda ya ɗauke shi ya ga sunan littafin Allah a ƙasa kusa da takalma, zuciyarsa ta ƙi. Ni ɗan baduku ne, a gidanmu ma haka za a yi. Kuma na duba gurbin, wutar da ta ci na Nahawu ta lashi bakin nasa gurbin har ya yi baƙi. Da yana ciki, Allah kaɗai ya san abin da zai same shi."

Sai aka ji ƙarar kujera ana ja, aka ji numfashin mai hawa. Labulen ya motsa, hannu ya fito riƙe da tsohuwar gafakar Malam, wadda take rataye a saman durowa tun ranar bakwai, faifan yana ciki.

"Ni ce," Hajiya ta ce. "Na leƙa ɗakin na ga rubutunsa, Tafsiri, ga mutane sun miƙe ƙafa a kai. Na ja, ya biyo hannuna. Ban san shi ake nema ba sai da Mustapha ya kwatanta. Daga nan tsoro ya kama ni, na ce ni na kashe muryar mijina da hannuna. Na bar ka da kaya a ka, yaro. Na zalunce ka."

"Umma!" Umaima ta faɗa ciki ta rungume ta.

"Hajiya, uwa ba ta zaluntar ɗa," Nafi'u ya ce, kansa a ƙasa. "Tambaya ɗaya ce: tun rasuwar, an ƙara wani abu a akwatin?"

"Wa zai ƙara?" in ji Umaima tana share hawaye.

"To akwai hanya."

Ya kwafe faifai na huɗu kamar sauran, ya haɗa kwafi uku a wata na'urar, ya umarci rumbun ya koma yadda yake a ranar bakwai, a buɗe shi don karatu kawai. Ranar Asabar bayan azahar ya danna maɓalli. Allon ya yi tsit har Umaima ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Sai ga sunaye suna saukowa, shekara bayan shekara.

Ta zaɓi azumin farko. Muryar Malam ta cika ɗakin, ya yi basmala, ya ja aya. Can sai ga muryar Umaima tana yarinya tana cewa Baba a ba ta dabino. Malam ya yi dariya ya ce, "Ku yi haƙuri jama'a, Uwata ce ta zo. Allah ya yi miki albarka, ya haɗa ki da mai riƙon amana."

Daga bayan labule Hajiya ta ce amin, da ƙarfi, har sau uku.

Mustapha dai ya zo Ƙofar Kibo da ƙafarsa ya ba da haƙuri a gaban rumfa, kuma a yi masa adalci, bai yi ƙarya ba, ya ga huɗu. Hajiya kuwa da ta fita takaba, fitarta ta farko gidan baffan Umaima ta yi, ta ce in dukawa sun zo a buɗe musu zaure.

Saƙon da Umaima ta aika ranar gajere ne. "Injiniyana, kotu ta wanke ka. Amma an yanke maka zaman gidan Alƙaliya har abada." Ya amsa, "Ba zan ɗaukaka ƙara ba, Sahibata."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a zauren Malam, Kwarbai da Ƙofar Kibo suka cika layi, aka yi fatiha, aka yi ta sa albarka. Kafin a kai amarya, Hajiya ta ce akwai sauran aiki ɗaya. Ango da babbar rigarsa ya hau kujera, amarya ta riƙe masa ita, ya ɗora akwatin Malam a kan sabuwar kanta da ya kafa kusa da rufi, faifai huɗu cif a ciki har da sabo a gurbin na Nahawu, kwafinsu kuma a gida biyu.

"Ya yi, Hajiya?"

Ta ɗaga kai ta duba da kyau, ta ga babu ƙafar da za ta kai wurin.

"Ya yi, ɗana. Sauko ka ɗauki matarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka."